Sawun Kura a Gonar Munzali

Ranar Talata da hantsi aka tsinci gawar Munzali a gonarsa ta gero, a gindin Dutsen Baure, wuyansa a yage. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar kuwa mutanen Kwarin Ɗinya, wani ƙaramin ƙauye a mazaɓar Maruta ta ƙasar Gwaram, sun gama yanke hukunci a tsakaninsu. Kura ce ta kashe shi, amma ba kurar daji ba.

Shekaru ke nan ana ganin wani abu a kurayen dutsen wanda ba a saba gani ba. Zanen jikinsu ya dusashe, wasu sun yi fari kamar an watsa musu toka, akwai kuma wata guda mai farar fuska daga goshi har zuwa kumatun hagu. A ƙarshen ƙauyen, daf da dutsen, akwai wani dattijo mai sana'ar zuma, Malam Ishiyaku, wanda shi ma wani farin tabo ya fito masa shekara goma da suka wuce, daga goshi zuwa kumatun hagu. Da ma ana yin maganar a ɓoye. Ranar nan sai aka daina ɓoyewa.

Abdulnasir ɗan acaba ne ya tsinci gawar. Shi ne ɗan marigayi Sarkin Baka Yunusa, don haka ana jin maganarsa a kan abin da ya shafi namun daji. Ya ce sawun kura ya zagaye gawar, ya miƙe ya nufi bukkar Ishiyaku, daga nan ya ɓace. Samari suka yi wa bukkar ruwan duwatsu. Mai unguwa Aminullahi ya karɓe dattijon da ƙyar, ya sa aka ɗaure shi da igiya a ɗakin zaurensa don hankalin jama'a ya kwanta, ya ce a ba shi kwana biyu. Ya sa aka jera ƙaya a kewayen wurin da abin ya faru, sannan ya aika garin Surko a zo da Ɗanbala.

*

Ɗanbala ya ba sittin baya. Duk ƙasar Birnin Kudu in an kore shanu ko an ɓalle rumbu, shi ake kira ya bi sawu. Ya iso da safiyar Laraba. Da ya ga Abdulnasir sai ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya yi wa mahaifinsa addu'a, domin a wurin Sarkin Baka Yunusa ya koyi aikin daji tun yana saurayi.

An yi ruwa kafin wayewar garin Talata, daga nan bai sake sauka ba, saboda haka ƙasa ta riƙe komai. Ɗanbala ya cire takalmansa ya shiga cikin ƙayar shi kaɗai. Geron ya kai ƙirji. A tsakiya akwai wurin da ya kwanta, ƙasar ta yi baƙi, ƙudaje na ta shawagi. Sawun mutanen da suka ɗauki gawa ya tattake gefe guda, amma ta wajen gabas sawun kurar yana nan raɗau.

Ya tsuguna a kan na farko. Ya karyi kara ya auna. Ya matsa na biyu, na uku, har na goma sha ɗaya, inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara. Sai ya dawo kan na farko ya sake tsugunawa, ya daɗe yana nazarinsa har mutanen da ke bakin gona suka fara duban juna. Da ya fito yana saka takalmi, Mai unguwa ya matso kusa da shi. Ya tambaye shi ko kura ce.

Ɗanbala ya ce, "Ƙafar kura ce."

Sannan ya ce kada a ɗauke ƙayar.

*

Ya fara da gidan mamacin. Inna Turai, mahaifiyar Munzali, tana zaune a kan tabarma cikin mata masu zaman makoki. Ɗanta na fari ne, don haka ko a yau ba ta kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Ta ce bayan sallar asuba ya fita, garin bai gama wayewa ba, zai je ya ɗaga geron da iska ta kwantar. Ya yafa farin buhun taki a kansa saboda raɓa, kamar yadda yake yi kullum. Jim kaɗan ta ji ƙara guda ɗaya daga wajen dutse, amma ba ta damu ba, domin masu fasa dutse da nakiya ta ɗaya gefen sun sa kowa ya saba da irin wannan ƙara.

Ɗanbala ya tambaya ko an dawo da buhun tare da gawa. Matan suka dubi juna. Ba wanda ya gan shi.

Ya tambaya ko yana da abokin faɗa. Ta ce mutum biyu ta sani. Bara ya ƙone amya biyu na Ishiyaku saboda ƙudan zuma sun harbi 'yarsa, suka yi cacar baki har gaban Mai unguwa. Sai kuma malamar nan ta jami'a mai bin kuraye, Ikilima, wadda ta ɗaura kyamara a bishiyar bakin gonarsa, ya cire ya fasa. Wata tsohuwa daga gefe ta sa baki, ta ce ai tun zuwan malamar nan kurayen suka ƙara fari, allura take yi musu.

Da zai tashi Inna Turai ta ce, "Malam, ni ba jinin kowa nake nema ba. So nake in san yadda aka yi."

*

Ɗakin zauren ba taga, sai hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Ishiyaku yana jingine da bango, igiya a wuyan hannayensa, jini ya bushe a girarsa. A cikin duhun, farin rabin fuskarsa kawai ake gani sosai, kamar ɗaya rabin ba ya nan.

Bai musa rigimar amya ba. Bai kuma musa cewa yana kan dutsen da safiyar Talata ba, ya je duba zumarsa. Ɗanbala ya tambaye shi ko ya ga kurar mai farar fuska. Ya ce ya gan ta, kullum ma yana ganinta, maƙwabciyarsa ce. Ya ce shekarun baya kukan kurayen dutsen yana cika kwarin nan, yanzu ba sa iya kukan, sai wani abu kamar tarin tsoho. Ya ce suna haihuwa 'ya'yan na mutuwa, shi yake tarar da su a bakin kogo ya binne.

Ɗanbala ya ce masa irin wannan maganar ce za ta sa a kashe shi.

"To me zan ce, Malam? Abin da na gani ke nan. Tabon nan ciwo ne, likita ya gaya mini a Birnin Kudu, ya ce ba ya kisa, ba ya yaɗuwa. Ban san zai kashe ni ta wata hanyar ba."

Ya ƙara da cewa shi ma ya ji ƙarar, kuma ba ta nakiya ba ce. Ta nakiya tana girgiza dutse har tafin ƙafa. Wannan a kunne kawai ta tsaya. Ya faɗa wa samarin da suka zo jifansa, ba wanda ya saurare shi.

*

Malama Ikilima ta iso da la'asar sakaliya a bayan babur. 'Yar Birnin Kudu ce, shekararta uku tana hawa dutsen nan tana tsintar gashi da kashin kuraye tana kaiwa bincike. Ta ce tun Lahadi tana gida tana jinyar mahaifinta, duk unguwarsu shaida ne. Da Ɗanbala ya gaya mata zancen allura sai ta yi wani ɗan murmushi marar daɗi, ta ce ya zo ya gani da idonsa.

Suka hau dutsen. Daga sama ta nuna masa kwalta ta yamma, motoci na wucewa ba ƙaƙƙautawa. Ta nuna masa farin ramin masu fasa dutse ta gabas, sannan gonaki kudu da arewa har iyakar ganin ido. Ɗanbala ya tsaya yana kallo. A zamaninsa kurmi ne daga nan har ƙasar Bauci, mutum ya yi yini uku bai fita daga inuwa ba.

Ta ce kuraye bakwai suka rage, kuma fiye da shekara ashirin babu baƙon namiji da ya iya ƙetarowa ya shigo cikinsu. Uba ya haifi 'ya, ya dawo ya haihu da ita, ɗan'uwa da 'yar'uwa haka. Ta ce kowace halitta tana karɓar gado kashi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In akwai aibi a kashi ɗaya, lafiyayyen yakan rufe shi, ba a gani. Amma in uwa da uba duk jini ɗaya ne, sai aibin ya haɗu da ɗan'uwansa, babu mai rufewa. Farin nan shi ne abin da ido ya fi saurin gani, amma shi ne mafi sauƙi. Muƙamuƙinsu ya karkace, ba sa iya fasa ƙashi. Mushen kaji suke ci da abin da aka zubar a juji.

A wani kwarmin dutse ruwan sama ya taru, gefensa duk taɓo. Ɗanbala ya durƙusa tun kafin ta nuna masa. Sawu ne birjik, manya da ƙanana, kuma kowane sawun ƙafar gaba yatsu uku ne da shi. Biyun tsakiya sun manne sun zama ɗaya.

Ya tambaye ta ko dukkansu haka suke. Ta ce duka bakwai ɗin, ta ciro waya ta nuna masa hotuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mai yatsu huɗu ta ƙarshe ta mutu tun kafin ita ta fara zuwa.

A lokacin ne ya ji ana kallonsa. Ya ɗaga kai. A bakin kogo, taku ashirin daga inda suke, tana zaune. Ramammiya ce, haƙarƙarinta a waje, bakinta a karkace kamar mai shirin yin magana, rabin fuskarta fari fat. Ba ta gudu ba, ba ta yi gurnani ba. Ta yi tari sau biyu, irin na mutum, ta ci gaba da kallonsu. Ɗanbala, wanda ya yi shekara arba'in yana shiga daji, ya ja da baya. Ya gane dalilin da ya sa mutanen ƙauyen suka yarda da abin da suka yarda da shi.

Suka sauko. A gindin dutse ya roƙe ta ta dawo gobe da safe, ta taho da hotunan. Shi kuma ya wuce maƙabarta ya daɗe a tsaye a kan kabarin maigidansa, Sarkin Baka Yunusa.

*

Da hantsin Alhamis Mai unguwa ya tara mutane a bakin gonar. Aka fito da Ishiyaku da igiyarsa. Ikilima na tsaye gefe, mata na kauce mata. Inna Turai ta zo duk da an hana ta. Abdulnasir ya jingine babur ɗinsa ya tsaya a gaban samarin, wasunsu da gora a hannu. Mai unguwa ya kira 'yan sanda biyu daga Gwaram, suna zaune a inuwar marke.

Ɗanbala ya sa aka janye ƙayar. Ya ce dattawa su matso su ƙirga yatsun sawun. Suka ce huɗu. Ya sa Ikilima ta zagaya da hotunan, sannan ya ce duk mai shakka ya hau kwarmin ruwa ya duba da kansa, babu kura a dutsen nan mai yatsu huɗu a ƙafar gaba. Sai wani saurayi ya ce ai shi ya sa, kurar rikiɗa ba lallai ta yi kama da sauran ba. Aka fara guna-guni, ana duban Ishiyaku.

Ɗanbala ya jira suka lafa. Ya ce su sake dubawa: sawu goma sha ɗaya ne, duka na ƙafar gaba ta dama, ba na hagu, ba na baya. Yatsun ba su buɗe ba ko sau ɗaya, alhali duk dabba mai rai in ta taka taɓo yatsunta sai sun ware. Sannan ya ɗora kara a kan wata tsaga da ta ratsa tafin kowane sawu, da gurbin farcen gefe da babu shi.

Ya ce, "Na san kurar nan. Ta mutu shekara arba'in da suka wuce."

Wata mata ta fara salati a hankali. Samarin da ke kusa da sawun suka ja da baya.

Ya ce a nan gindin dutsen tarko ya kama ta, haƙorin tarkon ne ya tsaga tafin ya cire farcen. Lokacin daji yana daji, kurayen suna da ƙarfi da yatsunsu cikakku. Shi ne ya riƙe ƙafar, Sarkin Baka Yunusa ya yanke, ya busar da ita ya jefa a burgaminsa, jakar fatar da yake zuba magani. Har ya rasu tana ciki.

Bai dubi Abdulnasir ba sai a lokacin. Muryarsa ta sauko.

"Ɗana, ina burgamin babanka?"

Abdulnasir ya ce ya daɗe da ɓacewa. Ya ce kowa na iya sata. Ya ce Ɗanbala tsufa ya fara taɓa shi. Mai unguwa ya ce to ba komai, a je gidan a duba, tare da bindigar marigayin. Abdulnasir ya waiga wajen babur ɗinsa, ya ga ɗaya daga cikin 'yan sandan ya riga ya tsaya a jikinsa. Sai ya durƙushe a kan kunyar gona, ya dafe kansa da hannu biyu.

Maganar ta fito a gutsure. Wani mutum da ya taɓa ɗauka daga tasha ne ya ce yana neman fatar farar kura, zai saya da tsada. Shi bai taɓa koyon farauta ba, gadon kayan kawai ya yi. Ya ɗura wa bindigar guntayen ƙarfe, ya ɓuya a bakin gonar tun asuba. Ya ga wani farin abu a duƙe yana motsi cikin gero, ya harba. Da ya ƙarasa ya ga ko wane ne, sai tsoro ya kama shi. Daga baya ya sa wuƙa ya ciro ƙarafan, ya yayyaga wurin yadda zai yi kama da cizo, ya tusa buhun cikin ramin gara, ya je gida ya ɗauko ƙafar. Ya rantse bai yi niyyar ɗora wa Malam Ishiyaku ba, ya bi da sawun ta wajen dutse ne kawai. Da mutane suka kama sunan dattijon, sai ya bi su. Ya ce duk lokacin da yake wannan aiki, mai farar fuskar tana zaune a kan dutse tana kallonsa, ya jefe ta ta ƙi tafiya, kuma tun ranar in ya rufe ido ita yake gani.

Samarin suka fara sauke gorunansu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan sanda suka matso. Inna Turai ta ɗaga hannu ta ce su dakata. Ta taka har gabansa ta tsuguna, kamar yadda take tsugunawa ta ba shi fura lokacin da yake zuwa gidanta wasa da ɗanta.

"Ka ce daga baya. Da ka iske shi, da ransa?"

Abdulnasir bai ɗago ba. Ya gyaɗa kai.

"Ya yi magana?"

"Ya gane ni, Inna. Ya ce ba komai, ya san ba da gangan ba ne. Ya ce in ɗora shi a babur in kai shi asibiti."

"Babur ɗin yana ina?"

"Yana bakin gona."

"Sai ka yi yaya?"

"Na zauna."

Ba wanda ya motsa. Kowa a wurin ya san daga Kwarin Ɗinya zuwa asibitin Birnin Kudu bai kai tafiyar awa guda ba, kuma babu wanda ya kai Abdulnasir gudu a wannan hanya. Ɗanbala ya juya baya ya dubi gonar.

Inna Turai ta daɗe a tsugune. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ratsa cikin mutane suna buɗe mata hanya har inda Ishiyaku yake tsaye shi kaɗai, babu kowa kusa da shi. Ta kama igiyar. Ƙullin ya ɗaure tamau, yatsunta sun tsufa, ta yi ta fama. Mai unguwa ya miƙo wuƙa, ta girgiza kai. Jama'ar ƙauyen suka tsaya a rana suna kallo har ta kwance shi da hannunta.